Sawun Ƙafa a Garejin Malam Modu

Ban taɓa mantawa da ranar da na bar sawuna a ƙasan ɗakin nan ba. Tunda ku sababbin ma'aikata kun ishe ni da tambaya, har wata cikinku tana cewa sawun aljana ne, to ku ajiye robobin kindirmon nan ku saurara. Ni ban yi boko ba, ba zan ce muku shekara kaza ce ba. Abin da na sani, lokacin ne da ba a shiga masallacin Juma'a sai an laluba mutum, in ka ajiye jaka a tasha ka juya baya, kowa ya watse.

A lokacin wannan wuri gareji ne, ba wurin yin kindirmo ba. Maigidanmu Malam Modu bai daɗe da zuwa daga gabas ba, shi da matarsa Falmata da yara, suka kama hayar gidan nan na unguwar Jekadafari. Ni aka ɗauka shara da wanke-wanke. Mai unguwa kuwa ya riga ya yi shela: duk baƙon da ya sauka, a sa masa ido. To ido kam an sa. Baki na gaishe shi, ido na bin ƙeyarsa.

Garejin ba mota a ciki, motarsa ta tsaya can inda suka baro. Ya ce sana'ar kindirmo zai fara, amma duba-gari sun ce sai ƙasan ya zama wanda ake wankewa tas, ba simintin da ke shan ruwa ba. Tayil ya fi ƙarfinsa. Sai ya sayo wani fenti, shi yana ce masa ifoksi, ni bakina bai saba ba, fentin ƙasa nake cewa. Ya ce da hannunsa zai shafa, ya ga yadda ake yi a waya.

Aikin yana da tsari, kuma a gabana aka yi. Da farko muka kankare tsohon baƙin mai da ya kama simintin. Ya cike tsagogi. Ya zuba wani ruwa da ke kumfa yana tsuwwa in ya taɓa ƙasa, ya ce don simintin ya yi kaushi fentin ya samu wurin kamawa. Muka ɗauraye, aka bar shi ya bushe ƙarau. Duk wannan yana yi da safar hannu da takunkumi a hanci.

Nan fa magana ta fara yawo. Maƙwabciyarmu Hajiya Asabe ta tare ni a bakin famfo.

"Dada, me maigidanki yake dafawa a gareji ne?"

Na ce, "Fenti ne, Hajiya."

Ta ce, "Fenti da rufe hanci? Ke dai ki yi ta cin tuwon gidan, ranar da za a tashi sama da ku ba ruwan kowa."

Na yi dariya, amma maganar ta bi ni har gida. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma zuciyata ba ta kwanta ba. Mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Amma a shekarun nan, wa ya san cikin wani? Waɗanda suka yi ɓarna ma ai wata ce ta goye su.

Ran shafawa ya fito da gwangwani biyu, babba da ƙarami. Ya juye su a bokiti ɗaya yana juyawa da sanda. Ya ce da zarar sun haɗu ba a jira, don sandarewa suke yi. Ya fara daga ƙuryar ɗaki, yana zubawa yana ja da rola, yana ja da baya har ya fito ƙofa. Ƙasan ya yi sheƙi kamar ruwan tafki da hantsi. Ya ja ƙofa ya sa kwaɗo saboda ƙura da kajin maƙwabta, ya ce mana ko kyanwa kada ta taka sai bayan kwanaki. Ragowar fentin ya bari a bokiti nan tsakar gida.

Bayan azahar sai ga 'yan sintiri. Shugabansu Buba, yaron da na san uwarsa tun tana tallar nono, shi ne a gaba, waya a hannu. Bayansu mutanen unguwa, amma can nesa, kowa ya laɓe da katanga yana leƙe.

Buba ya ce, "Malam, an ce kana haɗa abu."

Malam Modu ya ce, "Fenti ne, ɗan'uwa. Ga gwangwanayen, ka karanta."

"Gwangwani ba ya magana. In fenti ne, me ya sa bokitin can ke hayaƙi?"

Muka juya. Wallahi hayaƙi yake yi, robar har ta fara lanƙwasa. Malam Modu ya ce haka yake, in ragowar ya taru wuri ɗaya zafi yake ɗauka. Wani daga baya ya ce, "Ka ji malamin haɗi!" Ba wanda ya yi dariya.

Aka sa shi ya buɗe kwaɗo. Ƙasa na sheƙi, ɗaki wayam, sai wani abu can ƙurya a kan kanta jikin bango, an lulluɓe shi da zani, wayar wuta tana reto a ƙasansa. Mutane suka ƙara ja da baya.

Ya ce, "Injin liƙe leda ne. Bari in ɗauko muku."

Buba ya riƙe masa riga. "Ka je ka danna? Ba inda za ka. Kuma cikin yarana ba wanda zai shiga. Manya zan kira, su zo su duba."

Ku yara ba ku san nauyin wannan kalma ba, jami'an tsaro yake nufi. A lokacin, baƙo daga gabas in aka sa shi a mota da irin wannan zargi, iyalinsa sai dai su duƙufa da addu'a. Falmata ta zube a ƙasa, ko kuka ta kasa.

Na dubi Malam Modu. Ban ga gaskiya a goshinsa ba, ban ga ƙarya ba, tsoro kawai na gani, irin wanda ke fuskar kowa. Na ce, "Buba, mayar da wayar aljihu. Ni zan buɗe."

Ya ce, "Dada, kin tabbata da shi?"

Na ce, "Ban tabbata ba. Shi ya sa zan je in gani."

Na isa bakin ƙofa na tuɓe takalmana. Malam Modu ya yi ihu, "Dada, kar ki shiga ba takalmi, zai ci miki fata!" Ina! Ƙafa ta riga ta sauka. Ni tun da na yi wayo ban taɓa taka wuri mai tsabta haka da takalmi ba, hannuna ne ya cire su ba da shawarata ba.

Abin ya kama tafin ƙafata kamar ƙaro. In ɗaga, ya ja, in sauke, ya riƙe. Kalmar shahada nake yi tun daga ƙofa har ƙurya. Na kama zanin, na runtse ido, na fizge. Shiru. Na buɗe ido. Inji ne, wannan dai da ke gabanku, wanda kuke liƙe leda da shi kullum kuna zaginsa in ya ƙi zafi.

Na rungumo shi na fito. Buba ya jujjuya shi, ya sosa ƙeya, ya ce a yi haƙuri, aiki ne. Mutane suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Falmata ce ta zaunar da ni ta goge mini ƙafa da man gyaɗa da sabulu, tana yi hawayenta na ɗiga a kai. Fatar ta yi ja, ta yi ta ƙaiƙayi har ta saɓule.

Da ƙasan ya bushe, ga sawu nan, na shiga da na fita, har yatsu. Na ba Malam Modu haƙurin ɓata masa aiki. Ya ce ana iya gogewa a sake shafa wani a kai, amma muddin yana raye ba mai taɓa shi.

Wanda ya kai ƙarar, har yau ban san shi ba. Hajiya Asabe ta rantse ba ita ba ce, kuma ita ce ta fara aiko da kwano da aka fara sayar da kindirmo. Duk wanda ya zo saye, in na ga idonsa ya sauka kan sawun ya yi saurin kawarwa, sai in ce a raina, ko kai ne?

Abin da aikin gidan mutane ya koya mini ke nan. Mai shara tana ganin komai, amma rabi-rabi take gani, kuma rabin gani shi ke kashe mutum. In zuciyarki ta zargi wani, kada ki kai maganar bakin famfo. Ki taka ki je ki ɗaga zanin, ko da ƙafarki za ta saɓule.

To, ku tashi, nono na jira. Ke mai tsumma, ki goge wurin nan a hankali, ƙafata ce.