Ruwan da Umma Ta Wanke

Umma ta ƙare rayuwarta tana yaƙi da abin da ido ba ya gani. Tun kafin a haife ni take wanke almakasai da wuƙaƙen ɗakin tiyata, har fatar hannunta ta yi fari ta tsattsage. Da ta yi ritaya sai ta dawo da yaƙin gida. Cokali ba ya shiga bakinmu sai ya sha tafasa, baƙo kuwa yana miƙewa take bin kujerarsa da tsumma, wani lokacin tun bai kai ƙofa ba.

Ni 'yarta kuma, ikon Allah, sai na ƙare a binciken ruwan datti. Akwai wata ciyawar ruwa mara saiwa, mai 'yan jakunkuna da ba su fi kan ashana ba. Jakar tana zuƙe ƙwarin ruwa, a cikinta kuma akwai ƙananan halittu da suke taya ta narkar da abin da ta kama. Su nake nazari don digirina na biyu. Kududdufin da na samo ciyawar an cike shi an gina shaguna, rufin ɗakin bincikenmu kuma ya rufta, don haka na kwaso robobina na jera a barandarmu. Wa'adina ya kusa cika, an kuma gaya mini babu ƙari.

Na roƙi Umma kada ta taɓa su. Ta ce to, tana hararar koren ruwan kamar ya zage ta.

Rannan na dawo gida, sai na ji warin maganin asibiti tun daga ƙofa. Robobin sai ƙyalli suke yi. Ta ɗauraye ciyawar reshe-reshe, ta zuba ruwan famfo da ɗan magani, wai ta ga sauro yana kewaya su, ga shi ina tari. Ba a jima ba ciyawar ta yi fari ta narke. Na zauna a ƙasa na yi kuka har muryata ta dishe.

Ta tsaya a kaina ta ce, "Ni kashe su kawai na iya. Ban san akwai waɗanda ake rayawa ba."

Washegari ta ɗauki bokiti ta fita neman ciyawar, da gwiwoyinta masu ciwo. Kullum haka: bayan kasuwa, ƙarƙashin gada, ramukan masu bulo. Ta kawo kainuwa, ta kawo gansakuka, ina girgiza kai tana zubarwa. Na ce ta haƙura, ta yi kamar ba ta ji ba. Ni kam na riga na cire rai.

Wata rana da rana tsaka ta shigo da laka har cinya, kwalba ta yanke ta a ƙafa. A cikin bokitin akwai wani siririn reshe, da jakunkunansa. Ta dire shi a tsakiyar kafet ɗin da ba a takawa da takalmi, ta ce in duba ko halittun suna ciki.

Na fasa jaka ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Suna nan, suna motsi. Amma reshe ɗaya ba zai ishe ni ba, kuma ramin da ta samo shi ta ce ta lalube shi kaf. Na kawo mata ruwa da sabulu, sai ta janye hannuwanta, baƙi ƙirin da laka, ta miƙo mini su.

"Tsaya tukuna," in ji ta. "Kankare ki duba, ko akwai saura a jiki."