Na bar Masjid India ban yi sallama ba

Shekarun baya, lokacin ina karatun tsarin birane a Kuala Lumpur, bincikena a kan barandar gaban shaguna ne, wadda mutum zai bi daga farkon layi zuwa ƙarshensa ruwan sama bai taɓa shi ba. Kullum ina layin Jalan Masjid India da abin awo kamar tela, masu shaguna suna kallona suna tausaya wa gwamnatin da ta turo ni.

A nan na saba da wani tsoho mai sayar da yadi. Ya ce in daina aune-aune a tsakar rana, in zauna in sha shayi. Daga bakinsa na ji yadda layin yake kafin a dasa jirgin ƙasa a samansa, da yadda kogin bayan masallaci ya taɓa shigo musu shago suka yi ta ɗora yadi a kan kabad. Ina ce masa Pakcik, wato kawu. Shi kuwa sunana ya gagare shi, sai ya laƙaba min Dogo da yarensu. Ban taɓa karɓar lambarsa ba. Me zan yi da ita, mutumin da kullum yana kan kujerarsa?

To, mu a gida ba a shelar tafiya. Mahaifiyata ta ja min kunne tun ina yaro, sai ana gobe ake zagayawa a yi sallama. Shi ya sa ranar da ya tambaye ni yaushe zan koma, na ce da saura, alhali na riga na miƙa aikin bincikena. Niyyata in zo masa da turare in nemi gafara, yadda ake yi wa manya.

Sai annoba ta zo, aka kulle gari. Ina Cheras, unguwar da nake zaune, 'yan sanda sun tare hanyoyi, iyakata kantin ƙasan bene. Da jirgin komawa gida ya samu, na roƙi direban tasi ya bi ta layin. Ya yi ta mita, amma ya bi. Duk ƙofofi a garƙame, barandar nan da ba ka samun wurin aje ƙafa babu kowa sai tattabaru. Na tsaya a bakin shagon da turarena kamar wawa, na yi sallama har da ƙwanƙwasawa, na dawo mota.

Bayan an buɗe gari na tura wani abokina da ke can. Ya kira ni ya ce, “Malam, kedai ɗin fa, shagon nan, ya zama na kayan waya. Maƙwabcinsa ya ce ɗan tsohon ya zo ya tafi da shi garinsu, no address lah.” Ya ƙara da cewa wai kafin tsohon ya tashi, duk baƙin mutum dogo da ya wuce sai ya leƙo, yana cewa yaron nan na Cheras ya kusa zuwa, bai gama karatu ba.

Yau ina koyar da ɗalibai amfanin baranda a birni, kuma in zan yi tafiya, ko ta Zariya ce, tun da wuri nake faɗa. Mahaifiyata tana cewa na lalace. Ina kewar layin nan sosai, amma ba shi ke damuna ba. A sanin tsohon nan ban tafi ko'ina ba, ina nan Cheras, zuwa ne kawai na daina.