Ranar da Taubashina Bai Zo da Wasa Ba

Bakina ya sha jawo mini magana, wannan kowa a danginmu ya sani. Amma sau ɗaya ya jawo wa wani abin da har yau na kasa ɗauke masa. Taubashina ne, ɗan gwaggona, ƙanwar babana da ke aure a wani ƙauye gaba da Kalfu.

Ni ɗiyar namiji ce, shi ɗan mace, saboda haka tun yana rarrafe nake ce masa bawana. Shi kuma da ya iya magana sai ya raɗa mini Rediyo, wai ba a kashe ni sai batir ya ƙare. A wurinmu tsakanin taubasai babu kunya, babu fushi. Ka zagi ɗan'uwanka a gaban surukansa, ka ɓoye masa takalmi ranar Salla, dole ya yi dariya. In ya ɓata rai, shi za a yi wa faɗa.

Da ya samu shiga lise, wato babbar sakandare, aka kawo shi gidanmu a Tawa, wajen kawunsa. Ya zo da akwatin ƙarfe da tabarma da baki irin nawa. Shekara biyu muna gwabzawa, har Inna takan ce mu fita mata daga gida ta ji da kunnenta. Ina ba shi shekara huɗu, a lokacin ina koyon aikin malanta, kuma wallahi ba kullum nake cin nasara a kansa ba.

A shekara ta uku ya fara sanyi. Ya daina zuwa fadar abokansa shan shayi. Ƙwallo da yake bi har ya manta da abinci, ya bari. Tuwonsa sai ya kwana a kwano. In na tsokane shi sai ya yi ɗan murmushi, amsar ta zo a makare ko kuma ba ta zo ba. Baba ya ce karatun bak ne, jarrabawar gama lise. Inna ta ce girma ne. Ni na ce wata ce ta ƙi shi, na kuwa bi shi da waƙa har mako guda.

Wata la'asar ina tsakar gida ina tsinke zogale, ya zo ya kifa turmi ya zauna kusa da ni. Ya daɗe yana duban tafin hannunsa. Can ya ce, "Ɗiyar kawu."

Bai taɓa kirana haka ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa in ajiye faifan, amma ina! Na ce, "Mi bawa ke so?"

Ya ce, "Ban san yadda zan hwaɗa ba. Ji nike awa ba ni ba ne. In na yi magana, muryar tana fita, amma kamar ta wani. In ina salla, sai in ga kamar gefe nike tsaye ina kallon wani yana yi. Hannun ga, na san nawa ne, amma ban ji nawa ne ba. Kamar aron jikin ga na yi." Sannan ya ƙara da cewa, "Kuma ba abin da ke mini daɗi. Ko kukan ma ba ya zuwa."

Na san dalilin da ya sa ni ya zaɓa, ko da yake sai daga baya na gane. Ba zai iya tunkarar kawunsa da irin wannan magana ba, kunya ba za ta bar shi ba. Uwarsa tana ƙauye, kuma ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa. A duk gidan mutum ɗaya ne al'ada ta yarda ya buɗe wa cikinsa ba tare da sunkuyar da kai ba, ni ce.

Ni kuwa na kwashe da dariya har zogale ya zube. Na ce, "Tabɗi! To mai aro, yaushe za ka mayar wa mai shi? Ka ce ya haɗa maka da mai ɗan tsoka, wannan duk ƙashi ne."

Ya dube ni. Sannan ya yi dariya shi ma, don abin da aka koya masa ke nan. Ya taya ni tsince ganyen daga ƙasa, ya tayar da turmin ya mayar inda yake, ya shiga ɗaki.

Da a nan na tsaya, da wataƙila zan iya cewa kuskure ne. Bayan mako biyu aka yi suna a ƙauyensu, muka cika mota muka tafi. Dangi sun taru a ƙarƙashin rumfa ana jiran fura, sai ga shi zai wuce da buta. Na miƙe tsaye, na ɗaga hannuna ina jujjuya shi a gaban fuskata, na kwaikwayi muryarsa. "Jama'a, hannun ga na wa ne? Wa ya ba ni aro?" Rumfa ta ɗauka. Wata tsohuwa har da share hawaye. Gwaggo ma ta yi dariya tana cewa, "Ke da bawanki, ba mai shiga." Kafin magariba duk ƙauyen Mai Aro suke ce masa. Ya tsaya da butarsa yana murmushi har muka gama, ba shi da ikon yin wani abu.

Bai ƙara gaya wa kowa komai ba, shekara biyu cur. Ya faɗi bak, ya sake faɗi. Baba ya yi faɗa ya gaji, ya ce lalaci ne, aka mayar da shi ƙauye ya kama noma. Ni aka tura ni koyarwa, na yi aure, na shiga hidimata. In mun haɗu a biki sai in ce, "Mai Aro, har yanzu ba a zo karɓa ba?" Ya ce, "Tukuna." Ina jin kaina gwana.

Wata ranar kasuwa Gwaggo ta kira ni a waya tana kuka. Ta ce yana toshe kunnensa da auduga, wai mutane na magana a kansa daga cikin rumbu, kuma ya ƙi cin abin da ta dafa. An yi rubutu, an yi turare, abin sai gaba yake yi. Aka kawo shi Tawa. Da yake ni ce mai jin Faransanci, ni na raka su likita.

Ma'aikacin da ya duba shi dattijo ne mai haƙuri. Ya faɗi sunan ciwon, sikizofireni, ya ce ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ana shan magani a samu sauƙi. Ya ce a wurin wasu, tun kafin su fara jin muryoyi, sukan daɗe cikin baƙin ciki, suna jin kamar su ba su ba ne. Sai ya juya ga taubashina ya tambaye shi ko ya taɓa jin haka.

Ya ce, "Tun ina lise."

"Ka taɓa gaya wa wani?"

Ina zaune a gefensa a kan benci ɗaya, katinsa a hannuna. Ya dubi ƙasa ya ce, "A'a."

Ni Rediyo, da ba a kashe ni, na yi tsit. Da muka fito na koma ni kaɗai na tambayi dattijon ko da an kawo shi tun a lokacin, da abin bai kai haka ba. Ya ce zuwa da wuri yana taimakawa, sauran kuma Allah ne masani. Na so ya ce mini a'a, bai ce ba.

Yanzu da sauƙi, alhamdu lillahi. Yana shan maganinsa, yana kiwon awakin uwarsa, ya yi ƙiba, maganarsa ta yi nauyi. Sunan Mai Aro ya mutu da kansa, ba wanda ya ce a daina. Kowa lallaɓa shi yake yi. Ni kuwa tun ranar likita ban ƙara tsokanarsa ba, sai sannu, sai ya jiki.

Sallar layya da ta wuce na je ƙauyen. Na same shi a inuwar rumbu, na zauna, na tattara duk ƙarfina na ce, "Ina roƙonka gafara. Abin da na yi maka a tsakar gida, da na wurin suna."

Ya ce, "Gafarar mi? Tsakanin taubasai ai ba laihi. Wasa ne." Ya ɗan yi murmushi. "Ke dai kin daina ce mini bawa. An ƴanta ni ne ban sani ba?"

Na dai daure na ce, "Tashi, bawa, kawo mini ruwa."

Ya tashi yana dariya, dariya ta gaske wadda na daɗe ban ji ba. Ya je bakin randa, ya ɗauki moɗa, sai ya tsaya yana duban hannunsa a jikinta. Ya daɗe. Da ya kawo ruwan na karɓa, ban sha ba.

Na ce, "Har yanzu?"

Ya ce, "Wani bi, ba kullum ba."

"Zauna ka hwaɗa mini. Wallahi ina saurare."

Ya koma mazauninsa ya jingina da rumbun. Ba fushi a muryarsa ko kaɗan.

Ya ce, "Ɗiyar kawu, ai na riga na hwaɗa miki."