Faifan Kawu Ila

Duk wanda ya taɓa shiga motar Kawu Ila a Riyad ya san faifan nan. Wani baƙin Ba'amurke ne ke busa ƙaho, ganguna da piyano mai lantarki na binsa, babu waƙa ko baiti ɗaya. Fasinja ne ya manta shi a mota, Kawu ya riƙe shi fiye da iƙamarsa, takardar izinin zama. Cewa yake rabin kiɗan na tsofaffi ne, rabi na 'yan zamani, mai ƙahon ne ke sasanta su. Dokarsa ɗaya: ba a fita sai busa ta ƙare.

Da surukina, babban malami, ya zo ganin likita, Kawu ya dage shi zai ɗauko shi. Daga filin jirgi har unguwarmu Gubaira ƙaho na kuka. Muka isa gida, na kama murfin mota, sai Kawu ya danna makulli.

"Malam, a yi haƙuri, mutumin bai gama magana ba."

Malam ya ci gaba da jan carbi, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Da muka fito, ya tambaye ni a hankali ko duk danginmu haka suke.

Wani maƙwabci Balarabe ya taɓa zuwa yi masa nasiha kan kiɗa. Kawu ya sa ni tafinta: in gaya masa ba kiɗa ba ne, bawan Allah ne ke numfashi ta cikin ƙarfe. Don kunya na ce Kawu na ba da haƙuri. Ashe Kawu yana ji! Ya ture ni gefe, ya maimaita da gurgun Larabcinsa, har da kumbura kumatu.

Kafilinsa ma, ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya ba shi sabuwar mota, Kawu ya leƙa bai ga ramin faifai ba, ya mayar da makulli. Haka muka yi ta dahuwa a tsohuwar, da matacciyar esi.

Ranar jana'izarsa na zaci mu kaɗan ne. Sai ga leburori 'yan Maraɗi da Damagaram, waɗanda ban taɓa gani ba. Kowa ya ce ranar da ya sauka ƙasar nan bai san kowa ba, Kawu ne ya ɗauko shi kyauta, ya ba shi abinci da wurin kwana.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya tarbe shi da irin wannan tarba.