Baba Tafinta da Furen Dezi

Kullum da hantsi Baba Tafinta yake jan bencinsa zuwa inuwar bangon gidan waya, ya goge tabarau da bakin riga, ya zauna da nishi. Shekara talatin da huɗu ke nan yana karanta wa mutane takardun Turanci: sammaci, takardar likita, saƙon ɗan da ya yi nisa. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya raunana, ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Ba wanda ya shirya masa taro.

Mai gyaran takalmin da ke gefensa bai manta ranar da wata tsohuwa ta zo baki har kunne ba. Shekara biyu ba ta ji ɗuriyar ɗanta ba, sai ga wasiƙa daga wani Bature da suka yi aikin jirgin ruwa tare da ɗan nata. Surukinta, mai ji da kansa a Turanci, ya riga ya fassara mata.

"Baba, wai aikin lambu ya samu," in ji ta. "Wani fure yake nomawa, wai shi dezi. Duba mini adireshin in aika masa amsa."

Baba ya karanta sau biyu. Ya san dezi, ɗan farin furen nan da ke tsirowa cikin ciyawa. In Bature ya tashi barci garau, sai ya ce ya yi shar kamar dezi. Amma in ya ce wane yana turo dezi daga ƙasa, to wane yana kabari. Maganar barkwanci ce a wurinsu, kuma haka marar ta-idon nan ya rubuto wa uwa.

Wallahi Baba ya gaji da zama bakin da mugun labari ke fitowa. Da ya ce mata e, lambu ne, da ta tafi da dariyarta, ta ci gaba da jiran wanda ba zai dawo ba.

Ya gusa ya ba ta wuri a benci. "Iya, zauna. Ba lambu ba ne. Allah ya yi masa rasuwa, wata bakwai ke nan."

Ranar bai ƙara karɓar takardar kowa ba. Shi ya raka ta gida, yana ɗingishi.

Kai ne, Baba, mai faɗin abin da takarda ta ce ko da ranka bai so ba. Mun gode, Allah ya ba ka hutu mai daɗi. Ku kuma masu ɗan Turanci, in ba ku gane magana ba ku ce ba ku gane ba, in kun gane kada ku ɓoye. Mako guda bayan ya raka ta gida, tsohuwar nan ta dawo ta durƙusa gaban bencin.

"Allah ya saka maka, Baba," ta ce. "Ina ta roƙa masa buɗi, ashe gafara ɗana yake bukata."