Masu Jegon da Suka Ɓace wa Dakta Bara'atu

Duk wanda ya zauna a unguwar Abakpa ya san Bara'atu, in ma bai san sunanta ba ya san tsohuwar motarta mai tari kamar ta sha hayaƙi. Likitar mata ce, rabin yaran layinsu a hannunta suka faɗo duniya. Amma abin da ya fi yi mata suna shi ne karatun da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Shekara da shekaru tana fama da digirin digirgir, har maƙwabta suka laƙaba mata "Saura Ƙiris", don duk wanda ya tambaye ta amsar da zai samu ke nan. Mijinta Malam Sanda, ma'aikacin sakatariya, shi ma ba ya raga mata.

"Ni fa ban gane ba," in ji shi. "Dakta na aura, wai kuma tana neman zama dakta. In kin gama sai mu ce miki me?"

Takan yi dariya, amma wallahi ta yaƙe ce. Baiwar Allah ta gaji. Da safe asibiti, da yamma bincike, ga yara, ga bikin dangi da in ba ta je ba a ce boko ya sa mata girman kai. Jami'a kuma ta ba ta wa'adin ƙarshe: ko ta miƙa aikinta bana, ko wahalar shekarun nan ta tashi a banza.

Bincikenta a kan hawan jini ne bayan haihuwa. Mace za ta sauka lafiya, a sallame ta, a yi suna a ci a sha, sai jini ya hau mata a ɗaka ba wanda ya sani. Tsarin shi ne a bi masu jego har gida a auna su. Bara'atu ta karɓi kwatancen gidan mijin kowacce, ta ce shi ke nan. Kai, ilimi ma da mantuwa yake! Ta sha'afa da wankan gida, al'adar da mai haihuwar fari ke komawa wajen iyayenta sai ta yi arba'in. Ita kanta fa sai da ta yi nata a Zariya.

Haka masu haihuwar fari suka watse mata, wannan Funtuwa, waccan Ikara. Ta je ta tarar da ƙofa a kulle. In ta dace da mijin, sai ya sosa ƙeya ya ce, "Ai tana gidansu." A ce ya kira surukarsa, kunya ta hana shi.

Malamin da ke duba aikinta, Farfesa Ubaidullah, ya ce mata, "Dakta, ki rubuta da waɗanda kika samu. Da babu gara ba daɗi." Da ta haɗa sakamakon sai ya fito tsaf, yana nuna matsalar ba ta da yawa. Ita kuwa ta san masu haihuwar fari su ne ciwon ya fi kamawa, kuma su ne babu a ciki. Ta sani sarai, amma gajiya ta fi ƙarfinta. Ta ce ta amince, za ta miƙa.

Ana saura kwanaki kaɗan wa'adin ya cika, ta biyo ta unguwar Badarawa daga wajen aiki, sai ta tuna da Turai, wata mai haihuwar fari mai yawan fara'a da ke aure a nan unguwar. Ranar sallama Bara'atu ta dafa kafaɗarta ta ce, "Ki jira ni, har gida zan zo in auna ki." Ta zo a baya ta tarar da kwaɗo a ƙofa, ba ta sake waiwaya ba. Ta tsaya ta yi sallama a maƙwabta.

"Turai? Ayya, Allah Ya ji ƙanta," in ji matar da ta fito. "Shekaranjiya aka kai ta. Ana zaman makoki a gidansu, nan bayan shataletalen Mando."

Mando! Ita da take zaton sai an yi tafiyar yini. Inda take wucewa kusan kullum.

Da ta isa gidan, ta sami mahaifiyar Turai a kan tabarma, jaririya a cinyarta. Ta durƙusa ta yi gaisuwa, ta ce ita ce likitar da ta karɓi haihuwar. Tsohuwar ta ɗago ta dube ta, ba fushi ko kaɗan a fuskarta. Da ma ta yi fushin, da ya fi sauƙi.

"Ashe ke ce. Sannu da zuwa, 'yar nan. Yarinyar ta yi ta zancenki. Da ciwon kai ya matsa mata, idonta na ganin dishi-dishi, muka ce a tafi asibiti. Ta ce a bari, likitarta ta ce tana nan zuwa."

Tsohuwar ma ita ta riƙa ba Bara'atu haƙuri, tana cewa kwana ne ya ƙare.

Da Bara'atu ta fito ta daɗe zaune a mota ba ta tayar ba. Sannan ta kira Farfesa.

"Ranka ya daɗe, ba zan miƙa ba."

"Dakta, kin san ba lalle su ƙara miki lokaci ba?"

"Na sani."

Ta kashe wayar. Ta san gobe 'yan Abakpa za su tambaya, kuma ko "saura ƙiris" ɗin ba ta da bakin faɗa. Ta ɗauki abin awon jininta daga kujerar baya, ta koma cikin gidan makokin tana jan ƙafa, ta tambayi matan da ke zaune ko akwai wata da ta zo wankan gida a layin. Suka ce akwai, gida na uku.