Yayana Saura Ƙiris da Faya-fayan Gem Arba'in

Yayana mai gyaran fanka ne, amma in ka je layinsu ka tambayi mai gyaran fanka, sai a ce maka wanne. Ka ce Saura Ƙiris, ko baƙon jiya zai nuna maka shagon. A ƙarƙashin matattakalar wani bene yake, in ya miƙe tsaye sai ya sunkuyar da kai. Fankoki ne rataye har sama, da duwatsun guga a jere, da wani tsohon gwangwanin madara cike da kusoshin da ba wanda ya san na mene ne sai shi. Aikinsa kam ba a magana. In ya naɗa wa fanka waya, sai kai ka gaji da ita.

Ba a wurin aiki ya samo sunan ba, Ummanmu ce ta raɗa masa. Tun yana yaro ba ya son ganin ƙarshen abu. Sabulu in ya sirance, sai ya ɓoye shi ya nemi sabo. Littafin labari kuwa, da ya kai shafi biyun ƙarshe sai ya rufe ya tura ƙarƙashin filo. In an ce ya ƙarasa, sai ya ce, "Ai saura ƙiris." Ni ce autarmu, kuma ni in na fara abu ban ga bayansa ba, abinci ma ba ya min daɗi. To ka ga ba ƙaramin haƙuri muka yi da juna ba.

Da ya fara samun na kansa, sai ya sayi na'urar gem ta hannu, irin wadda ake jona wa talabijin a sa mata faifai. A kasuwa akwai mai faifai, wanda sana'arsa ke nan: ka gama gem, ka mayar masa, ka ɗan cika wani abu, ka ɗauki wani. Haka kowa yake yi. Yaya shi saya kawai yake yi. Har mai faifan ya taɓa ce min, "Yayan nan naki rijiya ne, abin da ya faɗa ba ya fitowa."

Ana nan ya yi aure. Matarsa nas ce, ina kiranta Anti, mace mai tsari wadda ko cokali ta san inda yake kwana. Gidan ɗaki ne da falo, kanta guda ce a falon, kuma faya-fayan Yaya sun riga sun cinye ta. Farantanta na tangaran sai a kwali a ƙarƙashin gado, duk ranar da aka yi baƙi sai ta durƙusa ta jawo. Shekara guda ta yi tana durƙuson nan, sannan ta sa aka kira ni in zama shaida.

Ta ce, "Yallaɓai, ban ce ka daina gem ba. Amma duk faifan da aka gama, a mayar wa mai faifai. Ka yarda?"

Yaya ya dubi silin, sai na ga wani murmushi ya taso masa a hankali. "Wanda aka gama ko? Na yarda. Auta, ki shaida."

Tun daga murmushin nan na san an cuci Anti. Daga ranar, Yaya sai ya yi gem tun daga farko, ya haye duk wahalar, ya kai bakin ƙofar bos ɗin ƙarshe, wato babban abokin gabar da in an kayar da shi gem ya ƙare, sannan ya ajiye rimot ya cire faifai. Na'urar tana riƙe inda mutum ya tsaya, don haka kowane jarumi yana nan tsaye a bakin ƙofa da takobinsa ko bindigarsa. In Anti ta ce, "Wannan fa?" sai ya ce, "Ba a gama ba, uwargida. Duba da kanki." Kuma gaskiyarsa ce. A haka suka kai arba'in. Duk ranar hutu ya ɗauko tsumma mai laushi ya bi kwalayen ɗaya bayan ɗaya yana gogewa, yana jera su bisa tsawon suna.

Na taɓa tsare shi a shago na ce, "Yaya, don Allah me za ka yi da su? Ba ka sake yi, ba ka gamawa, ba ka sayarwa."

Ya ci gaba da naɗin wayarsa, bai ɗago ba. "Auta, in na gama, shi ke nan sun tafi. In ban gama ba, suna nan suna jirana."

Dariya na yi niyya, amma na fasa. Tausayinsa ne ya kama ni, ko da yake bai kai min ko'ina ba.

To, an ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Anti ta zame a matattakala ta karye a ƙafa, aka ɗaure ta da filasta aka ce wata uku a gida. Ni na riƙa zuwa da rana ina taya ta aiki. Matar da ta saba zirga-zirga a kan marasa lafiya, ga ta an dasa ta a kujera tana fuskantar kantar nan daga safe har yamma. Rana ta biyar ta ce, "Auta, maimaita min alƙawarin nan da kika shaida."

Na ce, "Duk faifan da aka gama, a mayar."

"An ce wanda shi ya gama?"

"A'a."

"Miƙo min rimot."

Farkon lamarin abin kunya ne. Jarumin ya yi ta tafiya yana karo da bango, Anti tana karkata jiki duka kamar mai tuƙa keke, tana yi masa tsawa, "Kai, ba can ba!" Bos ɗin farko ya kashe ta ya fi sau talatin. Amma hannun da ke samo jijiyar jariri da allura ba zai gagara danna maɓalli ba. Kwana na huɗu ta kayar da shi, ta yi ihu har maƙwabciya ta leƙo ta ɗauka ƙafar ce. Daga nan kan mage ya waye. Wani gem ɗin ta gama shi a yini biyu, wani kafin ruwan shayi ya tafasa.

Ni ce 'yar aike, ba zan ɓoye ba. Ta cire faifai, in naɗe shi a hankici in kai kasuwa, ta mayar da kwalin wurinsa ba komai a ciki. Kuɗin a ambulan take tarawa, ba ta taɓa ko sisi ba. Na ce mata, "Anti, kwalayen fa? Ai kantar ba ta ragu ba." Ta ce, "Bar su. So nake in ga yaushe zai lura."

Kusan wata uku Yaya ya yi yana goge iska. Duk ranar hutu ya zauna da tsummansa, yana shafa kwali yana ɗan fito, mu kuma muna kicin muna cizon mayafi.

Ranar da asiri ya tonu, Umma ce ta zo duba ƙafar surukarta. Ta zauna ta ƙare wa kantar kallo, ta ce, "Kai, buɗe min ɗaya in ga abin da ya sa 'yar mutane cin abinci a kwanon roba."

Yaya ya miƙe da alfahari, ya zaro guda, ya buɗe shi a gabanta kamar mai nuna zinariya. Umma ta leƙa, ta gyara tabarau, ta sake leƙawa. "To, ko sai mai ilimi ke gani?"

Ya duba. Ya zaro na biyu, ya zaro na uku. Kafin ka ce kwabo kwalaye sun cika tabarma, shi kuma gumi ya jiƙa masa riga. "Ɓarayi! An shigo mana!"

Anti ta ce, "Ba wanda ya shigo, Yallaɓai. An gama su ne."

"Wa ya gama?"

Ta ɗaga hannu kamar 'yar aji. Ya juyo kaina, ni kuwa na sami abin kallo a farcen ƙafata. Umma da ta ji bayani, ta yi dariya har da hawaye, sannan ta share ido ta ce, "Alƙawari kaya ne, ɗana. Kai ka haƙa ramin, ka haƙa shi da zurfi."

Washegari ya ja ni kasuwa wai zai fanso su. Mai faifai ya tarbe mu da fara'a ya ce, "Haba, maigida, ai irin kayanka ba sa kwana. Ko ƙwarzane babu! Duk wanda ya zo sai ya ce a ba shi na mutumin nan mai tsafta." Ko ɗaya bai rage ba. A hanyar dawowa na ji kunyar abin da na yi, don tafiyar Yaya ma ta canza.

Kwana uku ba ya magana sai gaisuwa. Rana ta huɗu da la'asar ina ninke wanki, ya shigo daga shago, Anti ta miƙa masa kwali guda mai nauyi.

Ta ce, "Wannan yana nan. Mutum ɗaya ba ya iya gama shi, sai biyu, Auta kuwa hannunta ba ya jin magana. Na biyo wa alƙawarin ta bayan fage, na sani, kuma ban ji daɗin yadda ka koma ba. In ka ga dama ka ajiye shi har tsufanmu, ba zan taɓa ba. Kantar ma na haƙura."

Ya daɗe yana juya kwalin a hannu. Sannan ya sa faifan, ya miƙa mata rimot ɗaya, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Wasu 'yan'uwa biyu ne a gem ɗin, shekara shida suna tsaye a bakin wata gada. Suka haye. Anti ce ke ba da umarni, "Ka tsare min baya! Hagu, Yallaɓai, hagunka!" Shi kuwa yana bin umarni. Da bos ɗin ya faɗi, 'yan'uwan suka isa gida, wata tsohuwa ta fito ta rungume su, sai rubutu ya fara hawa sama.

Yaya ya zuba wa talabijin ido har rubutun ya ƙare. "Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ashe gida suke son zuwa," ya ce a hankali. "Ni na tsayar da su a hanya."

Ya cire faifan, ya sa a kwalinsa, ya miƙo min. "Auta, gobe ki kai wa mai faifai." Sai ya juya wajen kanta ya miƙa hannu zai ɗauko na gaba, hannun ya tsaya a iska. Talatin da tara, duk ya kai su bakin ƙofa, kuma a gidan nan mutum ɗaya ce ta ga abin da ke bayan ƙofar.

Ya zaro wani kwali mai hoton jirgin ruwa, ya dawo ya zauna inda ya tashi. Bai kalle ta ba, kwalin yake kallo.

"Uwargida, mutumin nan mai jirgi. Ya sami 'yar tasa kuwa?"

Anti ta gyara zaman ƙafarta a kan filo. "Ya same ta. Amma ta girma, ba ta gane shi ba da farko."

"Subhanallahi," in ji Yaya. "To, fara min labarin daga inda na tsaya."